HAƘƘIN INUWA: HUKUNCIN MASU KWANA A RUMFUNAN JIRAN MOTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ɗakin kwana da inuwar hutawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani mai karanta wannan fili ya aiko mana da tambaya daga Kudenda, a kudancin kogin Kaduna. Ya ce shi ma'aikaci ne mai sammako, kuma sau da yawa in ya iso rumfar da ake jiran mota a bakin titi sai ya tarar da mutane kwance a ciki, wani a kan benci, wani a ƙasa bisa kwali, ga ƙazanta a gefe, har mata da 'yan makaranta su gwammace su tsaya cikin ruwan sama. Ya ce samarin unguwa sun yi shawara su riƙa bi da dare suna korarsu. Yana so ya san ko shari'a ta yarda da haka.

To, wannan tambaya ƙarama ce a ido, amma malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kanta, ko da yake a zamaninsu ba mota ba titin kwalta. Kafin mu kai ga hukunci, ya kamata mu fara sanin su wane ne waɗannan masu kwana, domin alƙali ba ya yanke shari'a a kan mutumin da bai san halinsa ba.

Kaduna gari ne na baƙi tun asalinsa. Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da aikin Gwamnati da barikin soja suka jawo mutane daga ko'ina. Sa'ad da aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, sai kudancin kogi ya zama wurin neman abinci. Wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, daga baya masana'antu suka bazu har Kudenda, a gefen titin Nnamdi Azikiwe wanda jama'a suka fi sani da Baifas. Wanda ya san Kakuri a wancan zamani ya san yadda titi yake cika da kekuna in an tashi daga aiki. Amma wannan masaƙa ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba albashi, alhali kuwa mai gidan haya bai san an rufe masaƙa ba. Rikicin 2000 da na 2002 ya raba mutane da yawa da gidajensu, wasu suka ƙetara kogi suka yi arewa, wasu suka yi kudu. Ambaliyar kogin Kaduna ta 2003 ta ci gidaje a unguwannin bakin ruwa. A shekarun baya-bayan nan kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasar Chikun da Birnin Gwari, mutanensu suka kwararo gari.

Saboda haka wanda ka gani kwance a rumfa ba lalle ne ya zama ɗan iska ba. Akwai ɗan ci-rani da ya zo dako ko turin baro, yana tara abin da zai kai gida kafin damina. Akwai yaron mota mai jiran a yi wa tirelarsu lodi. Akwai almajirin da dare ya yi masa nesa da makaranta, da baƙon da kuɗin motarsa ya ƙare a hanya, da mai taɓin hankali, da dattijon da ya kasa biyan haya kunya ta hana shi komawa garinsu hannu biyu. Akwai kuma mashayi da ɓarawo, ba za mu ɓoye ba. Sanda ɗaya ba ta dace da waɗannan duka ba.

Rumfar da ke cikin masallacin Annabi

Jama'a, rumfar marasa gida ta farko a tarihin Musulunci a cikin masallacin Madina take. Sa'ad da aka juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba, wata goma sha shida ko sha bakwai bayan Hijira, sai bangon tsohuwar alƙibla ya koma bayan masallaci. Aka yi wa wurin rufi, aka kira shi Suffa, watau rumfa. Nan ne Muhajirai waɗanda ba su da gida ko dangi a Madina suke kwana suke wuni. Abu Huraira, wanda ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, yana cikinsu, kuma shi ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa ya ga mutum saba'in daga cikinsu ba wanda yake da cikakkiyar sutura, wani yana tattare mayafinsa da hannu don kada tsiraicinsa ya bayyana. Mutumin da ya fi kowa ruwaito hadisi ke nan. Daga wannan rumfa ya fito.

Abin lura shi ne yadda aka tafiyar da lamarinsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar su ga sa'a ba. Yakan raba su ga sahabbai da dare, mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, mai na huɗu ya ƙara da na biyar ko na shida. A wani dare Sayyidina Abubakar ya tafi da uku, shi kuwa Annabi ya tafi da goma. Mutanen Madina masu gonakin dabino sukan kawo zangarniya su rataye a masallaci domin mai jin yunwa ya tsinka, har aka saukar da aya ta 267 ta Suratul Baƙara tana tsawatar wa masu zaɓo marar kyau su kawo. Malaman tafsiri da yawa sun ce aya ta 273 ta wannan sura ma a kansu ta sauka. An kuma ruwaito cewa sa'ad da Nana Faɗima ta nemi a ba ta mai hidima, mahaifinta ya hana, ya kafa hujja da yunwar mutanen Suffa. Sa'an nan kuma ba zaman dirshan suke yi ba: suna koyon Alƙur'ani, wasu suna yin itace suna ɗebo ruwa, wanda ya sami sana'a ko aure sai ya tashi, wani ya maye gurbinsa.

Ba su kaɗai ba ne. Abdullahi ɗan Umar ya ce yana kwana a masallaci sa'ad da yake saurayi ba iyali. Bukhari ya ware babi guda a kan barcin mace a masallaci, ya kawo labarin wata 'yantacciyar baiwa baƙar fata wadda aka yi wa ƙazafin sata, ta baro mutanenta ta zo Madina ta musulunta, aka bar mata wata 'yar bukka a cikin masallaci. In wurin da ya fi kowane wuri tsarki a Madina ya ɗauki wanda ba shi da makwanci, da wuya a ce rumfar kwano ta bakin titi ta fi ƙarfinsa.

Malamanmu na mazhabar Maliku sun taƙaita abin kaɗan, domin kiyaye alfarmar masallaci. A Risala, Ibn Abi Zaid ya ambaci rangwamen da aka yi wa baƙi su kwana a masallatan ƙauye, kuma masu sharhi sun bayyana dalili: a ƙauye ba masauki, a birni kuwa ana zaton akwai. Shaihu Halilu a Muhtasar ya halatta barcin rana a masallaci, da saukar da baƙo a masallacin ƙauye. Mai karatu ya duba dalilin nan da kyau. An ɗora hukuncin a kan samuwar wani wurin. Inda baƙo yake a birni amma ba shi da kuɗin masauki, ba kuma zauren da zai karɓe shi, to halinsa da na baƙon ƙauye ɗaya ne.

Wa ya fi cancanta da rumfar?

Yanzu mu dawo bakin titi. Hanya da kasuwa da inuwar da ke gefensu suna cikin abubuwan da malamai suke kira amfanin tarayya, ba mallakar kowa ba ne, kowa kuwa yana da haƙƙin amfani da su. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi musu babi a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, inda ya yi bayanin zama a filayen jeji, da ƙofar gidajen mutane, da gefen hanyoyi, ya nuna cewa sharaɗin duka shi ne kada a cuci masu wucewa, kuma shugaba yana da ikon tsarawa. Asalin wannan shi ne ƙa'idar hana cuta da ramuwar cuta, wadda Imamu Maliku ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa. Halilu ya ce wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta da wurin zama, kamar yadda yake a masallaci, amma ya ce a rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai cuci kowa ba. Watau zama halal ne, mallakewa haram.

Rumfar jiran mota kuwa tana da wani ƙarin hukunci. An gina ta da kuɗin jama'a domin wata manufa sananniya, saboda haka tana kama da hubusi, abin da aka tsayar don wani amfani, kuma a hubusi ana bin manufar wanda ya tsayar. Manufar ita ce mai jiran mota ya fake wa rana da ruwa. To, muddin motoci suna tafiya, fasinja shi ne mai wuri. Tsohuwa da mai goyo da ɗan makaranta ba za su tsaya cikin marka ba wani yana miƙe a kan bencin da aka yi dominsu. A nan mai tambaya yana da gaskiya, kuma babu laifi a tashe mai barci da asuba cikin ladabi a ce ya naɗe tabarmarsa. Wannan haƙƙi ya ƙara ƙarfi tun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta fito da manyan motocin bas masu aiki da iskar gas a 2025, domin talaka ne yake tsayawa jiransu, mai hali yana cikin motarsa.

Amma in dare ya raba, mota ta ɗauke, ba mai jira, to amfanin rumfar ya zama a banza, kuma wanda ya kwanta a ciki don ba shi da wani wuri bai ƙwaci haƙƙin kowa ba. A ganinmu kwanansa halal ne, da sharaɗin kada ya mai da wurin gidansa. Ba zai kewaye shi da buhu ko leda ba, ba zai tara kaya ba, ba zai hura wuta a ƙarƙashin rufin ba, ba zai hana wani ɗan'uwansa kwanciya ba, balle ya karɓi kuɗi a hannunsa. Tarihi ya ba da labari cewa a shekara ta 17 bayan Hijira masu rijiyoyin hanyar Makka zuwa Madina sun nemi izinin Sayyidina Umar su yi gine-gine a bakin hanya, ya yarda musu bisa sharaɗin cewa matafiyi ne ya fi cancanta da inuwa da ruwa. Inuwar bakin hanya, tun daga wancan zamani, rabon wanda yake kan hanya ce, kuma wanda ba shi da gida kullum a kan hanya yake.

Game da samari masu shirin bi da dare da sanduna, wannan ba mu ga hujjarsa ba. Tsoratar da mai barci haram ne, duka kuwa zalunci ne da za a yi sakayyarsa. Tsara wuraren jama'a aikin hukuma ne, da mai unguwa, da waɗanda aka ɗora wa kula da tsarin gari. In an ga alamar ɓarawo ko mai sayar da ƙwaya, a kai magana ga mai unguwa da 'yan sanda. In mai taɓin hankali ne, shi an ɗauke masa alƙalami, abin da yake bukata magani ne, ga kuwa asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya nan kusa a Barnawa. Garin da ya ga abin da ya gani a 2000 bai kamata a koya wa samarinsa ɗaukar doka a hannu ba, ko da a kan abin da suke gani ƙarami ne. Kudenda unguwa ce da Musulmi da Kirista suke cuɗanya, kuma sanda a cikin duhu ba ta tambayar sunan mutum.

Maganar ƙazanta

Saura ƙazanta, wadda ita ce ainihin abin da ya dami mai tambaya. Shari'a ba ta yi sassauci a nan ba ko kaɗan. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya yi gargaɗi a kan abu biyu masu jawo wa mutum tsinuwa, su ne yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwarsu. A ruwayar Abu Dawuda an ƙara da mashayar ruwa. Rumfar jiran mota ta haɗa biyun farko, hanya ce kuma inuwa ce. Talauci bai halatta wannan ba. Haka kuma hadisin Abu Sa'idu ya lissafa haƙƙoƙin hanya a kan mai zama a bakinta, daga ciki akwai runtse ido da kame cuta. Mai kwana a rumfa, in mai hankali ne, wajibi ne ya bar ta yadda ya same ta.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Wa ya fi ɓata wuraren jama'a a garin nan? Mai gida da katanga da famfo ne yake aiken yaro ya juye shara a kwalbati in hadari ya taso, ruwa ya kwashe ya toshe magudana, ya koma ɗakin maƙwabci. Mai tebur ne yake mamaye rabin rumfa da rana yana ciniki. Masu neman zaɓe ne suke lulluɓe ta da hotuna. Wani kuma ya zo da dare ya kwance kwano da ƙarfe ya kai wa 'yan gwangwan, yana cewa ai kayan Gwamnati ne. Wannan magana ta kayan Gwamnati ba na kowa ba ne ta yi mana ɓarna ƙwarai. A shari'a dukiyar baitulmali ta kowa ce, shi ya sa satarta ta fi muni, domin masu bin ka bashi ranar hisabi ba su ƙirguwa. An ruwaito labarin wani bawa mai hidima ga Annabi da kibiya ta kashe bayan yaƙin Haibara, mutane suna yi masa barka da shahada, sai Annabi ya ba su labari cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda ke nan. Ina ga wanda ya kwance rufin da mutum ɗari suke fakewa a ƙarƙashinsa kowace rana?

Akwai kuma tambayar da ba a son yi: wanda ya kwana a titi, ina zai kewaya? In babu makewayin jama'a a kusa, masallaci ya kulle nasa bayan lisha, gidan mai ya hana, to doka da wa'azi ba za su canza halittar ɗan Adam ba. Kowa ya san labarin balaraben ƙauye da ya yi fitsari a masallacin Annabi. Sahabbai suka taso masa, Annabi ya hana su, ya bari ya gama, ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin, sa'an nan ya kira shi ya koya masa abin da masallaci ya dace da shi. An kawar da najasa, an bar mutum da mutuncinsa. Da samarin unguwa za su haɗa kuɗin da ƙarfin da za su kashe wajen sintirin kora, su sa a tsintsiya da jarkar ruwa da duron shara, su kuma ce wa masu kwana sharar safe a kansu take, da an fi kusa da sunna. Waɗanda suka manyanta sun tuna sharar ƙarshen wata ta zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon, 1984 zuwa 1985. Gari ya yi tsaf, amma da tsoron bulala aka yi, bulala na tafiya shara ta dawo. Addini kuwa ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, har aka ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa domin reshen ƙaya da ya janye daga hanya.

Bashin da ke kan jama'a

Duk wannan gyaran reshe ne. Tushen shi ne mutum ya kwana a titi a tsakiyar Musulmi masu ɗakunan da ba kowa a ciki. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba fakiri da miskini da ɗan hanya rabo a zakka, kuma ɗan hanya ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, in dai guzuri ya yanke masa bai kuwa sami mai ranta masa ba. Da yawa daga masu kwana a tashoshi da rumfuna kuɗin mota kawai ya raba su da gida. Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan cewa in zakka ba ta isa ba, wajibi ne a kan mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu, shugaba ya tilasta musu, kuma ya sanya wurin kwana mai kare ruwa da rana da idon masu wucewa a cikin abin da ya wajaba, tare da abinci da tufafi. Shi ba Bamalike ba ne, amma malamanmu ma sun lissafa kawar da cuta daga Musulmi, kamar ciyar da mayunwaci da tufatar da marar sutura, a cikin farillan da in wasu suka yi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Shugabannin farko sun fahimci haka. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, sa'ad da mutanen ƙauye suka kwararo Madina, Sayyidina Umar ya sa aka kafa tukwane, shi da kansa yana zagayawa. Walidu ɗan Abdulmaliki, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya hana kutare bara, amma sai da ya yanka musu abin da za su ci, ya ba makaho ɗan jagora, ya ba gurgu mai hidima. Umaru ɗan Abdul'azizu ya rubuta wa gwamnansa na Samarƙandi ya gina masaukai a hanya domin matafiya. Abu Yusufa kuma ya kawo labarin Sayyidina Umar da wani tsoho Bayahude da ya tarar yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida, sa'an nan ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali. Wannan ya isa amsa ga mai cewa ai wasu daga cikin masu kwanan ba Musulmi ba ne. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya gyaran hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin aikin sarki.

Ƙasar Hausa ma tana da nata tsari. Zaure ɗakin baƙo ne, ba a tambayarsa takarda. Fatake suna da zango, 'yan kasuwa suna da fatoma, makafi da kutare suna da unguwanni da sarakunansu, mai unguwa kuwa ya san wanda ya kwana a unguwarsa. Ana cewa baƙonka Annabinka. Yau gidan zamani ba zaure, sai get da waya mai ƙaya, masallatai kuwa ana kulle su saboda tsaro da ɓarayin amsa-kuwwa da batir. Ba mu zargi mai kullewa ba, domin abin da ake tsoro gaskiya ne. Amma an rufe ƙofa ba a buɗe wata ba, sai rumfar mota ta gaji aikin zaure.

A watan Yuli na 2015, bayan tashin bam a sakatariyar Sabon Garin Zariya, Gwamnatin Jihar Kaduna ta Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana bara da talla a tituna. Naƙasassu suka yi kuka, aka yi ta maganar gyara cibiyar koya musu sana'a da ke Kakuri. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci. Hukuma tana da ikon hana abin da ta ga cuta a cikinsa, ba mu yi jayayya ba. Abin da muke tunatarwa shi ne tsarin Walidu: tanadi a gaba, hani a baya. Ƙasashen da suka fi mu dukiya sun gwada hani tsagwaronsa. A wasu biranen Ingila da Amurka ana ƙera benci da ƙarfe a tsakiya don kada a miƙe a kai, a 2024 kuma kotun ƙolin Amurka ta yarda birane su hukunta mai kwana a fili. Wanda aka kora daga wannan titi yakan koma na gaba ne kawai. Ƙasar Finlan ta bi wata hanya tun 2008, ta fara ba mutum ɗaki tukuna sa'an nan a nemi maganin shaye-shayensa ko rashin aikinsa, kuma yawan marasa gida ya ragu ƙwarai a can. Mu da muke da labarin Suffa ba mu da uzurin jiran Finlan ta koya mana.

Abin da ya fi sauƙi a unguwa kamar Kudenda bai kai a jira kasafin kuɗin Gwamnati ba. Masallacin Juma'a da yake iya sayen tayil da fanka da injin wuta yana iya kafa rumfa guda a harabarsa, a wajen ɗakin salla, da makewayi biyu da randar ruwa. 'Yan agaji, waɗanda Jama'atu Nasril Islam da sauran ƙungiyoyi suke da su a kowace unguwa, su riƙe littafi: sunan baƙo, garinsu, abin da ya kawo shi, da sanin mai unguwa. A yanka kwanaki, uku ko bakwai, kamar yadda sunna ta yanka wa liyafar baƙo kwana uku, sai fa wanda aka ga lalurarsa ta wuce haka. Wanda kuɗin mota ya tsare, a biya masa daga zakka, a hannun direba. Mai ƙarfi a haɗa shi da masu ɗaukar lebura, ga masana'antu nan kewaye da unguwar. Mata da ƙananan yara kuwa ba a haɗa su da maza a rumfa ɗaya, sai a nemi gidan wata dattijuwa amintacciya a riƙa biyanta. Masu masana'antun da tirelolinsu suke kwana a bakin titi, su ma a tuna musu cewa yaran motar nan saboda kayansu suke kwana a waje, makewayi da wurin shimfiɗa tabarma a bakin get ba zai karya su ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin ba da zakka ga ɗan hanya, da yadda ake tabbatar da maganarsa in ya ce guzurinsa ya ƙare.